HAYAR GONA: IN RIGIMA TA TASHI A KAN KUƊI, INA MAFITA?

'Yan'uwa manoma, sau biyu a shekara maganar hayar gona takan yi zafi a ƙasarmu. Na fari da kaka, sa'ad da mai gona ya zo karɓar cikon kuɗinsa. Na biyu da bazara, sa'ad da aka fara sharar gona da kai taki, sai mai haya ya ji labari wai an ba wani gonar da ya yi shekara uku yana gyarawa.

Mutane suna ƙaruwa, gona kuwa ba ta ƙaruwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne suka raba ta. Saboda haka daga Roni zuwa Gwiwa, daga Kazaure zuwa Babura, da wuya a sami ƙungiyar manoma wadda babu mai noma gonar wani a cikinta. Waɗansu suna kama gonar tudu domin gero da dawa da wake, ko riɗi da zoɓo na sayarwa. Waɗansu suna kama fadama a bakin kogin Gari, ko kusa da dam ɗin Muhammadu Ayuba na Kazaure, domin noman rani. Ƙungiya kanta takan yi hayar gonar gama-kai, ko ɗakin ajiyar hatsi.

In irin wannan rigima ta lalace, abin da ake asara ya fi kuɗin da ake gardama a kansa. Taki ya tafi, damina ta wuce, abincin iyali ya ragu, maƙwabtakar shekara da shekaru ta ɓaci. Bari mu duba inda rigimar take fitowa, da abin da doka ta ce, da yadda za a bi a kashe ta tun tana ƙarama.

WANE IRIN RIƘO KA YI WA GONAR?

Kafin a yi maganar kuɗi, sai a san wannan tukuna, gama kowane riƙo da hukuncinsa.

Aro. Mai gona ya ba ka ka noma, ba a yanka farashi ba. Bisa ga al'ada, da kaka kakan kai masa dami ɗaya ko biyu, abin da ake kira galla a wurare da yawa. Yana iya karɓar gonarsa bayan ka cire amfaninka.

Haya. An yanka kuɗi sananne, an kuma yanka lokaci sananne, damina ɗaya ko shekara kaza. Muddin kana biya yadda aka shirya, gonar tana hannunka har lokacin ya cika.

Jingina. Mai gona ya karɓi kuɗi a hannunka, kai kuma ka riƙe gona har ran da ya mayar maka da kuɗinka. Komai daɗewar jingina, ba ta zama saye.

Noma-mu-raba. Ba kuɗi ake biya ba, amfanin gona ake rabawa bisa ga kason da aka shirya tun farko.

Rigima da yawa daga nan take farawa. Mai gona yana cewa haya ce, mai noma yana cewa aro ne. Ko kuwa aro ya daɗe, mai bayarwa ya rasu, 'ya'yan mai karɓa suka tashi suna tsammani gado ne.

Kada wani ya raina damin nan na galla, ko ya ji haushin mai gona don ya nace sai an kawo masa. Akwai dalili. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na ƙasar nan suke bi, akwai abin da ake kira hauzi. Watau in wanda ba danginka ba ya riƙe fili shekara 10 yana aiki da shi kamar nasa, kai kuwa kana gari, kana gani, ba ka yi magana ba, ba kuma abin da ya hana ka, to, da'awarka a kan filin ta yi rauni ƙwarai. Amma hauzi ba ya aiki a kan aro, ko haya, ko jingina. Damin nan da ake kaiwa kowace kaka a gaban mutane, shi ne shaidar mai gona cewa gonar tasa ce har yanzu. Kai ma shi ne shaidarka cewa da izini ka shiga.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA CE

A watan Maris na 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda take aiki har yau. Dokar ta sa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Filin da ba a cikin birni yake ba, ƙaramar hukuma ce take ba da iznin riƙe shi bisa ga al'ada.

Da dokar ta fito, waɗansu masu noma gonakin aro suka ce, “Ai ƙasa ta zama ta gwamnati, babu sauran mai gona, babu sauran galla.” Wannan kuskure ne, an kuwa gwada shi a kotu. A Jihar Kwara akwai waɗansu Fulani da aka ba wurin zama da noma da kiwo, suna biyan masu ƙasa abin al'ada. Bayan 1978 suka kafa allo a wurin da sabon suna, alamar wuri ya zama nasu. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka sani da sunan Abioye da Yakubu. A 1991 kotun ta ba masu ƙasa gaskiya, ta ce dokar 1978 ba ta shafe hakkin mai ƙasa a kan wanda ya ba wuri ba. Darasin a fili yake: duk yadda rai ya ɓaci, kada mai haya ya ce gonar tasa ce. Wannan kalma ɗaya tana iya raba shi da gonar ɗungum.

Mai gona ma doka ta ɗaure masa hannu. Ba shi da iko ya ɗauki doka a hannunsa, ya tumɓuke shuka, ko ya sa dabbobi a ciki, ko ya kulle ɗakin ajiya da kayan mutane. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin soja ta Jihar Legas kanta, domin ta aika da 'yan sanda masu makamai sun fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali maganar gidan tana gaban kotu. In gwamna bai isa ya yi haka ba, ina mai gona a ƙauye?

Abu na uku, rigimar haya maganar bashi ce da alkawari, ba laifi ba ce irin na sata ko duka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Kada ka tsorata in an ce za a kira maka 'yan sanda saboda cikon kuɗin haya. Kai ma kada ka kai ƙarar mai gona can, sai fa in an yi faɗa ko an yi ɓarna.

INDA RIGIMA TA FI FITOWA

1. Ƙarin kuɗi a tsakiyar lokaci. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, farashin komai ya tashi. Mai gona ya ga kuɗin da ya yanka bara ba su sayen rabin abin da suke saya a da, sai ya zo yana neman ƙari bayan an yi shuka. Kukansa gaskiya ne, amma alkawari kaya ne. Abin da aka yanka domin damina ɗaya, shi ne abin biya har a yi girbi. Ƙari sai a sabon shiri. In hayar ta shekaru ce, ku yanka tun farko cewa za a sake duba farashi sau ɗaya a shekara, a wata kaza, kafin a kai taki.

2. Kuɗaɗen gefe. Akwai la'adar dillali, akwai goron shaidu, akwai kafin alƙalami, a fadama kuma akwai kuɗin ban-ruwa da na gyaran hanyar ruwa. Kafin alƙalami yana cikin kuɗin haya, sai a cire shi daga jimla. La'ada kuwa hakkin dillali ce, ba ta shiga aljihun mai gona, saboda haka ba a cire ta daga haya, sai in an shirya haka. Kowane kuɗi za ka fitar, ka tambaya a gaban shaida: na mene ne, wa zai karɓa, yana cikin haya ko ba ya ciki? Kuɗin da ba a ambata ba ran ciniki, ba tilas ba ne ka biya shi daga baya.

3. Biyan da ba shi da shaida. An ba mai gona kuɗi a kasuwa ana gaisawa. An ba ɗansa ya kai masa. An kai masa buhun gero, mai kaiwa yana lissafin haya, mai karɓa yana lissafin kyauta. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 mutane da yawa suka koma aika kuɗi ta waya ko ta wurin mai POS. Wannan yana da kyau, gama yana barin shaida, amma sai in asusun mai gonar ne kansa, ka kuma adana rasit ɗin. Rubutun rasit na POS yakan goge bayan 'yan watanni, saboda haka a ɗauki hotonsa, ko magatakarda ya kwafe lambarsa a littafi.

4. Girman gona da ma'auni. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. In mai gona yana maganar eka, kai kana lissafin hekta, kun riga kun saɓa. Ku auna gonar da igiya, ko ku roƙi malamin gona na JARDA ya auna muku. Haka nan in da hatsi za a biya, a faɗi wane buhu, wane kwano, gama kwanon awo na wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba. Ku kuma sani malaman Malikiyya ba su yarda a yi hayar gona da hatsi ba. Mutane suna yi, amma in magana ta kai gaban alƙali tana iya komawa ga kuɗin hayar irin wannan gona a wurin. Yanka kuɗi ya fi tsabta.

5. Taki da itatuwa da harawa. Takin gargajiya ba ya ƙarewa a damina ɗaya, ƙarfinsa yakan kai shekara biyu ko uku a ƙasa. Wanda ya zuba amalanke ashirin a gonar hayar shekara ɗaya, wani ya gyara wa. Ka nemi shekara uku, ko ku shirya abin da za a mayar maka in an karɓe gonar kafin nan. Itatuwan da ka tarar, gawo ne, ko ɗorawa, ko kuka, ko tsamiya, bisa ga al'ada na mai gona ne. Kada ka sare reshe ko ka girbe kalwa sai da izninsa. Harawar wake da ta gyaɗa da karan dawa kuwa yanzu kuɗi ne, a faɗi mai su tun farko.

6. Rasuwa ko sayarwa. Mai gona ya rasu, magada uku kowa yana cewa shi za a biya. Kada ka zaɓi ɗaya da kanka. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci, a sa magada su nuna wakili ɗaya a gaban shaidu. Haka kuma in mai hayar ne ya rasu, ƙungiya ta tsaya wa matarsa da 'ya'yansa, gama su ne aka fi yi wa gaggawar karɓe gona.

SHEKARAR FARI KO AMBALIYA

Wannan ita ce magana mafi wuya. Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984, dukanmu kuma mun ga ambaliyar 2022 a Jigawa. Gona ba ta yi ba, mai haya ba shi da ko na tuwo, mai gona kuwa watakila tsoho ne wanda kuɗin hayar nan su ne abincinsa. Wa zai ɗauki asara?

Da yake yawancin masu ba da hayar gona a yankinmu Musulmi ne, yana da amfani mu san yadda malaman Malikiyya suka rarrabe wannan magana. In rashin ruwa ne ya hana gonar yin komai, kuɗin haya ya faɗi, gama mai haya bai sami abin da ya kama gonar dominsa ba. Haka ma in ruwa ya shanye gonar ya zauna har lokacin shuka ya wuce. Amma in gona ta yi daidai, sa'an nan jan-baki ko ƙanƙara suka lalata amfanin, ko ambaliya ta zo bayan lokacin shuka ya riga ya wuce, haya tana nan a kan mai noma, gama gonar ba ta gaza ba.

Sanin wannan yana taimakon mai neman sassauci ya san inda yake da hakki, da inda roƙo ne kawai yake yi. Duk da haka abin da ya fi, shi ne a rubuta tun ran ciniki: in an yi fari ko ambaliya, za a yafe kashi kaza, ko a ɗaga biya zuwa kaka mai zuwa. In masifar ta auku, ka kira mai gona ya zo ya gani da idonsa tun ruwa bai janye ba. Gani ya kori ji.

IN RIGIMA TA RIGA TA TASHI

Mataki na ɗaya: ka zauna ka yi lissafi. Ka rubuta abin da aka yanka, da kowane biya da ranarsa, da wanda ya karɓa, da wanda ya gani. Ga misali. A ce an yanka N60,000 domin damina ɗaya. Ka ba mai gona N20,000 hannu da hannu, ka aika wa ɗansa N25,000 ta waya, ka ba dillali N5,000. Da kaka mai gona ya ce saura N40,000, kai ka ce saura N10,000. In an tsaya a nan, sai musu. Amma in an warware lissafin, sai a ga tambaya biyu ce kawai. Ta fari, N25,000 ɗin nan sun kai hannun uban? A kira ɗan, a nuna shaidar waya. Ta biyu, la'adar dillali tana cikin haya? In ba a shirya haka ba, ba ta ciki. Ke nan abin da ya rage N15,000 ne. Kowa ya yi kuskure kaɗan, ba kuwa lalle akwai maƙaryaci a cikinsu ba.

Mataki na biyu: ka biya abin da ba ka musu a kai. A misalin nan, kai da bakinka ka yarda akwai N10,000 a kanka. Ka biya su nan da nan, ka karɓi shaida. Mai riƙe dukan kuɗi don ya ji haushi, shi da kansa ya ba mai gona hujja a kansa. In mai gona ya ƙi karɓa, kada ka kashe kuɗin. Ka kai su wurin mai unguwa ko ma'ajin ƙungiya a gaban shaidu biyu, a rubuta ranar, a aika wa mai gona cewa kuɗinsa suna nan.

Mataki na uku: ka same shi a gida. Ba a kasuwa ba, ba a bakin gona da fartanya a hannu ba. Ka tafi da dattijo ɗaya wanda shi ma yake jin nauyinsa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka bar shi ya faɗi nasa har ya gama. Magana zarar bunu ce, kalmar “ɓarawo” ko “azzalumi” in ta fita, ba ta komawa. Ka kuma hana 'ya'yanka samari shiga maganar.

Mataki na huɗu: masu sulhu. In ku biyun 'yan ikilisiya ɗaya ne, dattawan ikilisiya su zauna da ku. In ba haka ba, sai mai unguwa, daga shi sai dagaci, sa'an nan hakimi. Su ne suka san iyakar gonaki da tarihinsu. Roni da Gwiwa da Kazaure suna ƙarƙashin masarautar Kazaure, Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim, saboda haka a bi dagacin wurin da gonar take, ko da kai a wani gari kake zaune. Duk abin da aka shirya a wurin sulhu, a rubuta shi a nan take, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Sulhun da ba a rubuta ba, baɗi ma sai an sake shi.

Mataki na biyar: kotu. Wannan sai in duk sauran sun gaza. A Jigawa akwai kotunan majistare, akwai kuma kotunan shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. A ƙa'ida, kotun shari'ar Musulunci ba ta yi wa wanda ba Musulmi ba shari'a sai da yardarsa, saboda haka ka nemi shawara kafin ka sa hannu a kan kowace takarda. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a kowace jiha. In sammaci ya zo maka, lalle ka je, gama ƙin zuwa yana iya sa a yanke hukunci ba ka nan. Ka tuna kuma, a kowace kotu mai da'awa shi ke kawo shaida. In ka ce ka biya, kai za ka nuna. Kafin ka shiga, ka lissafta kuɗin mota da ranakun noman da za ka rasa, ka gwada su da kuɗin da ake gardama a kai.

HAYAR SITO KO SHAGO

Ƙungiyar da ta kama ɗakin ajiya ko shago a cikin gari ta san wannan. In ba a rubuta wani wa'adi dabam a yarjejeniya ba, ƙa'idar da dokokin haya na jihohin Nijeriya suka fi bi ita ce: mai biya mako mako a ba shi sanarwar mako ɗaya, mai biya wata wata sanarwar wata ɗaya, mai biya duk wata uku sanarwar wata uku, mai biya shekara shekara kuwa sanarwar wata shida. Bayan wa'adin ya cika akwai wata sanarwa ta kwana bakwai, sa'an nan mai gida ya kai ƙara. Kotu ce kaɗai take ba da iznin fitar da mai haya.

Ran shiga, ku zaga ɗakin tare da mai shi. Ku rubuta inda rufi yake yoyo, da ƙofar da ta lalace, da bashin wutar da kuka tarar. In ya karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, a rubuta nawa ne da ranar mayarwa. Kada ku yi gyara ku cire daga haya sai ya yarda a rubuce.

TAKARDAR YARJEJENIYA

Rigakafi ya fi magani. Ba sai da Turanci ba, ba kuma sai da lauya ba. Magatakarda ya kwafi wannan a littafin ƙungiya:

Yau ........ ga watan ........ shekara ta ........, ni ........ na ba ........ hayar gonata da take a ........ Ta yi iyaka da gonar ........ daga gabas, ........ daga yamma, ........ daga kudu, ........ daga arewa. Girmanta eka ........ Hayar ta fara daga ........ zuwa ........ Kuɗinta N........ kowace shekara. Na karɓi N........ yau, saura N........ za a biya ranar ........ Babu wani kuɗi bayan wannan. Itatuwa na ........ ne. Harawa da kara na ........ ne. In an yi fari ko ambaliya, za a ........ Wanda yake so a rabu zai faɗa kafin ƙarshen watan ........

Mai gona da mai haya su sa hannu, da shaidu biyu daga kowane gefe, da mai unguwa. A karanta ta da ƙarfi domin wanda ba ya karatu. A yi kwafi uku: ɗaya ga mai gona, ɗaya ga mai haya, ɗaya a akwatin ƙungiya.

Wani mai gona zai ce, “Ashe ba ka yarda da ni ba?” Ka amsa masa da ladabi, ka ce, “Baba, na yarda da kai. Saboda 'ya'yanmu ne, ran da babu ni babu kai.” Ka nuna masa cewa takardar shi ta fi karewa, gama a cikinta ka shaida da hannunka gonar tasa ce.

In ƙungiya za ta kama babban fili na shekaru da yawa, har ta haƙa rijiya ko ta dasa itatuwa, to, ta wuce nan. Dokar 1978 ta ce miƙa wa wani riƙon filin karkara sai da yardar ƙaramar hukuma. Ku je sakatariya ku nemi wannan yarda a rubuce kafin ku kashe kuɗi.

AIKIN ƘUNGIYA

Ƙungiyar gama-kai mai rajista tana iya kama haya da sunanta, ta yi ƙara ko a yi ƙararta da sunanta. Saboda haka kada a rubuta gonar ƙungiya da sunan shugaba, gama shugaba yakan sauka, yakan kuma rasu. Magatakarda ya buɗe littafi ɗaya domin hayar 'yan ƙungiya duka. A zaɓi mutum uku masu sanyin rai, har da mace ɗaya, su zama masu raka ɗan'uwa wurin ciniki da wurin sulhu. In akwai hali, a ware ɗan asusu domin ranta wa wanda ranar biyansa ta zo kafin ya sayar da riɗinsa, don kada ya karyar da amfaninsa da arha.

Kada kuma ƙungiya ta goyi bayan ɗanta in shi ne ba shi da gaskiya. Mutum ɗaya in ya cinye kuɗin haya, baɗi duk 'yan ƙungiyar za a hana gona a garin.

A cikinmu akwai masu ba da haya su ma. Ɗan'uwa mai gona, ka ba da rasit ko ba a roƙa ba. Kada ka karɓe gona don ka ga an gyara ta da taki. In za ka karɓa, ka faɗa da kaka, domin mutum ya sami lokacin neman wata. Shekarar da gona ba ta yi ba, ka tuna kai ma manomi ne.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU

1. Mutum nawa ne a cikinku suke noma gonar wani? Nawa ne suke da takarda?
2. Waɗanne kuɗaɗe ake karɓa a garinku ban da kuɗin haya kansa? Wa yake karɓa?
3. A wane wata ya kamata a ba da sanarwar karɓe gona a wurinku?
4. Su wa za ku zaɓa su zama masu raka 'yan'uwa?

Ku karanta wannan a taronku na gaba, ku fara rubuta yarjejeniya tun kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka, da zaman lafiya da maƙwabtanmu.